Zumar roba, ta gora ko ta kwalba: wacce zan riƙe?

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar zuma ku taimaka mini da shawara, kaina ya ɗaure.

Gidanmu ba ma rabuwa da zuma. Maigida ya daɗe da barin sukari, da ita yake shan shayinsa safe da dare, ni kuma da zarar maƙogwaro ya fara yi mini ƙaiƙayi ita nake fara nema. Shekara da shekaru wani dattijo mai kiwon ƙudan zuma ne yake ba mu, ban taɓa tambayar komai ba, in ta ƙare sai in aika a karɓo. To girma ya zo masa, ya sayar da amyoyinsa ya huta, mu kuma muka shiga lalube.

Yanzu haka iri uku ne jere a kan kantata, kuma kowacce da abin da ya hana ni sakin jiki da ita. Ta farko a babban kanti na saye ta, cikin robar nan da ake matsawa ta zubo. Garau take, kana hango yatsanka ta bayan robar, kuma tun da na ajiye ta ba ta canja kama ba. A gaba an rubuta zuma ce tsantsa, amma da na juya baya sai na ga ƙaramin rubutu cewa haɗi ce daga ƙasashe daban-daban, ba a ma faɗi sunayensu ba. A baki zaƙi ne zalla, babu ƙamshin komai.

Ta biyu maƙwabciyata ce ta haɗa ni da mai kawowa, a gorar ruwan sha da aka riga aka yi amfani da ita. Baƙa ce wuluk, da ƙaurin hayaƙi, da ɗan baƙin ɓurɓushi kwance a ƙasa. Ita maigida ya fi yarda da ita, wai haka zumar gaske take. Amma kwanan nan gorar ta kumbura ta yi tauri, da na murɗa murfin sai da iska ta yi tsit ta fita, kumfa ta taso har wuyan gorar, ga wani ɗan tsami-tsami da ba ta zo da shi ba.

Ta uku wani matashi mai amyoyin katako ne ya sayar mini, a kwalba mai faɗin baki. Ita ta fi daɗi a bakina, kana buɗewa ƙamshin fure ke fara tarbarka. Da sanyi ya shigo sai ta fara yin fari daga ƙasa, yanzu ta daskare gaba ɗaya, sai an sa cokali an kankaro, kuma tana da tsaki-tsaki a harshe. Maigida ya ce shi ke nan an gama da mu, sukarin da aka dafa aka zuba ne ya koma asalinsa.

Ni dai zuciyata na kan ta ukun, amma ba na so daɗin baki ya sa in riƙa ɗura wa iyalina ruwan sukari. Wacce ce ta gaske a cikinsu? Sannan in na sami wurin saye tsayayye, gara in ɗauki jarka guda in huta, ko in riƙa saye kaɗan-kaɗan? A me ya fi kyau a ajiye, kwalba ko roba? Wata ta ce mini in sa a firji, wata kuma ta ce cokalin ƙarfe yana kashe amfanin zuma. Na rasa ta wa zan ɗauka.

Sarkin Yawo:

Hajiya abin ai ba wuya. Ki ɗiga ta a kofin ruwa, in ta nutse ƙasa ta zauna ta gaske ce, in ta baje ta narke jabu ce. Ko ki tsoma kan ashana a ciki ki ƙyasta, in ta kama wuta babu haɗi. Wasu ma suna ɗiga ta a ƙasa su jira, wai tururuwa ba ta zuwa wa zumar gaske. Ni da na ashanar nake amfani duk inda zan saya, kuma mai saidawa bai taɓa hana ni ba. Ta kantin nan kuwa ki manta da ita, duk zumar da kika gani a robar matsawa kamfani ne ya sarrafa abinsa.

Baba Mai Amya:

Wa alaikumus salam 'yata. Na daɗe a kiwon ƙudan zuma, na fara da amyar da ake ratayewa a bishiya, yanzu na katako nake yi. Bari in fara da ta kwalbar da maigida yake zargi, don a bayanin da kika yi ita ce ban ga laifinta ba.

Daskarewa ba shaidar algus ba ce. Zuma yawancinta sukari ne iri biyu da ƙudan ya samo daga ruwan fure, gulukos da furuktos, ruwan da ke cikin nunanniya kuwa bai wuce kashi 17 ko 18 cikin 100 ba. Ruwan ya yi kaɗan ya riƙe gulukos ɗin a narke har abada, shi ya sa in ta zauna sai ya fara fita yana yin tsaki. Wadda ba a tsananta mata tacewa ba ta fi saurin yi, domin garin fure da ɓurɓushin kaki da ke yawo a ciki su tsakin yake fara kamawa ya taru a kansu. Sanyi yana ƙara mata sauri, ta fi kamewa in yanayi ya sauko wajen digiri 14. Furen da ƙudan ya ci ma yana da hannu. Akwai wanda zumarsa cikin 'yan makonni take daskarewa, akwai wanda sai ta shekara tana zuba. Na sha ɗiban zuma sau biyu a amya ɗaya cikin shekara ɗaya, ta farko ta kame ta biyu ta ƙi. Ki gaya wa maigida, cikin ladabi, cewa ruwan sukarin masara da manyan 'yan algus suke zubawa shi ne ma ba ya son daskarewa.

In kina son ta koma ruwa, ki tsaya da kwalbar a cikin ruwan ɗumi wanda hannunki zai iya zama a ciki, ki sassauta murfin, ki riƙa juyawa, in ruwan ya huce ki canja. Cikin amya, inda 'ya'yan suke, ɗumin digiri 35 ne, to kada ki wuce 40. Kada ki ɗora ta a wuta. Ƙamshin furen da kika yaba shi ne farkon abin da zafi yake kora. Ni a gidana ba ma narkarwa, a daskaren muke shafa ta, ba ta ɗiga ba ta ɓata hannu.

Ta gorar nan ita ce mai matsala, kuma matsalar ruwa ce. Ruwan fure da ƙudan yake kawowa tsinkakke ne. Sai sun yi ta juya shi a bakinsu, suna fifita da fukafukai dare da rana har ruwan ya ƙone, sannan su toshe kowane rami da farin kaki. Toshewar nan ita ce shaidar ta nuna. Mai gaggawa, ko wanda ya je cikin dare da wuta a hannu yana so ya gama kafin a harbe shi, ba ya tsayawa zaɓe. Duk abin da hannunsa ya kai yankowa yake, da toshasshiya da buɗaɗɗiya da saƙar da 'ya'ya suke ciki, ya haɗa ya matse. Ruwan jikin 'ya'yan ya shiga, ɗanyen ruwan fure ya shiga, toka ta faɗa. Wannan baƙin ɓurɓushin da kika gani ke nan, da ƙaurin. In ruwa ya haura kashi 20, yis ɗin da dama yake cikin kowace zuma sai ya farka ya fara cin sukarin, ya saki iska, gora ta kumbura, tsami ya biyo baya. Ana iya samun haka ko da ba a zuba mata ko ɗigon ruwa da gangan ba. Wato tana iya zama zumar gaske, amma an ɓata ta tun a wurin ɗiba. Ba guba ba ce, sai dai ba ta komawa daidai. Kada ki ƙara ɗaure murfin tam, ki ƙarar da ita a girki da wuri, in tsamin ya yi yawa ki haƙura da ita.

Baƙi kuma ba shi ne gaskiya ba. Launi daga fure yake zuwa: ta furen lemu fara-fara ce, ta bishiyar turare ta fi ta duhu, wata har ja take. Tsohuwar saƙar da aka yi ta renon 'ya'ya a ciki tana ƙara mata duhu, dafawa ma haka. Ba banza ba ake yabon zuma farar saƙa.

Batun mazubi, ni kwalba nake so, mai faɗin baki, mai murfin da yake kamawa sosai. Kwalba ba ta riƙe wari, ana wanke ta da tafasasshen ruwa ta bushe ƙarau, kina ganin abin da ke faruwa a ciki, kuma ranar da zumar ta daskare cokali zai shiga. Ki gwada ciro daskararriyar zuma daga gora mai ƙaramin baki, sai kin yanka gorar. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tsohuwar gora ko jarka da ba a san me ta taɓa ɗauka ba. Zuma tana jan wari, in jarkar ta taɓa ɗaukar mai ko sabulun ruwa, sai kin ji shi a shayi. Gorar ruwa kuma ba kasafai ake bari ta bushe ba kafin a ɗura, ɗan ruwan da ya rage ya isa ya fara tsamar da saman. Gwangwani da bokitin ƙarfe mai tsatsa ki guje su, zuma tana da ɗan tsami na halitta da yake cin ƙarfe in ta daɗe a ciki, ta yi baƙi ta ɗauki ɗanɗanonsa. Ƙarfen da ba ya tsatsa ba ruwansa, da shi ake ƙera injin tatsar zumar ma. Don haka zancen cokali ki bar shi, tsomawa da cirewa ba ya komai. Sharaɗin kawai ya zama busasshe. Jiƙaƙƙen cokalin da aka ciro daga kofin shayi aka mayar cikin kwalba ya fi kowane ƙarfe ɓarna.

Firji ba wurinta ba ne, tauri kawai za ta yi. Ki samar mata kabad mai duhu, nesa da murhu da taga. In damina ta yi iska ta jiƙe, kada ki bar ta a buɗe, tana shan laimar iska da kanta.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe. Abin da kika rasa da tsohon nan ba zumarsa ba ce kaɗai, mutum ne da kika sani. Ki nemi wani irinsa kusa da ke, matashin nan ma ya isa a gwada shi. Ki tambaye shi yaushe ya ɗiba, wane fure ne ya buɗe a lokacin, matsewa yake yi ko injin juyawa gare shi, yana ɗumama ta kafin ya tace ko a'a, yana ba ƙudansa ruwan sukari, kuma a wane lokaci. Mai amya na gaske waɗannan tambayoyin daɗi suke masa, sai kin gaji da surutunsa. Wanda ya saro ya zuba a kwalba kuwa zai fara kame-kame. Ki ce kina so ki zo ranar ɗiba ki gani. In ya ce bismilla, ki je da doguwar riga mai kauri, zuma ga zaƙi ga harbi. Sannan mai 'yan amyoyi zumarsa tana ƙarewa. Wanda kullum in kika kira yana da ita, launi ɗaya, kauri ɗaya, rani da damina, ki tambaye shi daga ina take fitowa.

Uwar Biyu:

Baba Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Na karanta wa maigida, ya yi shiru, can ya ce to a kawo masa daskararriyar ya sake ɗanɗanawa. Amma Baba ba ka ce komai a kan ta kantin ba, da kuma gwajin ashanar da ɗan uwanmu ya kawo. Na gwada ɗazu, duka ukun sun nutse a ruwa, ashanar kuma ta kama a biyu ta ƙi a ta gorar. Ke nan ta kantin ta ci jarrabawa?

Malamar Awo:

Yaya, bari in shigo nan, don aikina ke nan, a ɗakin gwajin abinci nake. Abin da ashanarki ta gaya miki gaskiya ne, amma ba amsar tambayarki ba ce. Ashana ruwa take aunawa. Ta ƙi kamawa a ta gorar saboda ruwanta ya yi yawa, kamar yadda Baba ya faɗa. Duk ruwan sukari mai kauri zai nutse a kofi, kuma zai bar ashana ta kama. Tururuwa kuwa ba ta da malamin da ya hana ta shan zuma. Shi ya sa mai saidawa ba ya hana Sarkin Yawo gwaji, ya san ba abin da zai fito.

Ko mu da muke da na'urori abin ba sauƙi gare shi ba. Tsohon gwajin da aka daɗe ana dogara da shi yana duba irin sinadarin kabon da ke cikin sukarin, yana kama na rake da na masara, domin waɗannan tsirrai biyu hanyar da suke haɗa sukarinsu daban take da ta yawancin furannin da ƙudan zuma yake bi. Da masu algus suka gane, sai suka koma ruwan sukarin shinkafa da na alkama da na gwozar sukari, waɗanda wannan gwajin ba ya gani. A 2023 Tarayyar Turai ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a kan zumar da ake shigar mata daga waje: cikin samfuri 320, kashi 46 cikin 100 an zarge su da haɗi. Wannan fa kaya ne da suka bi ta kan iyaka da takardunsu. Bayan haka ne a 2024 suka gyara dokarsu, cewa in zuma haɗi ce sai an jera sunayen ƙasashen a jikin mazubin tare da kason kowacce.

Duk da haka ban yarda da cewa duk ta kanti jabu ce ba. Rashin daskarewarta yana da bayani ko da tsantsa ce. Kamfanoni suna ɗumama ta sosai, su tura ta cikin mataci mai ƙananan ƙofofi ya kwashe garin fure da kaki, don ta daɗe garau a kan kanta, saboda masu saye irin maigidanki suna gudun daskararriya. Abin da ake asara shi ne ƙamshi da wasu sinadaran da ƙudan yake zubawa daga jikinsa, waɗanda zafi yake lalatawa. Muna gane an dafa zuma ko ta tsufa a wuri mai zafi ta wani sinadari da ake kira HMF, wanda yake ƙaruwa da zafi da daɗewa. Ƙa'idar Codex, ta hukumar abinci da ta lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce kada ya wuce miligiram 40 a kilo, an ɗaga wa zumar ƙasashe masu zafi zuwa 80. A ƙa'idar nan ne kuma aka tsayar da ruwa a kashi 20. In za ki sayi ta kanti, ki zaɓi wadda ta faɗi ƙasa ɗaya, da sunan mai zubawa da adireshinsa, da lambar rajistar hukumar kula da abinci, kuma a jerin abin da ke ciki ba a rubuta komai ba sai zuma. Wasu robobin in kin duba da kyau cewa suka yi mai ɗanɗanon zuma, ba su ma yi ƙarya ba, mai saye ne bai karanta ba.

Abu biyu zan ƙara a kan na Baba. Roba ba abokiyar gaba ba ce in sabuwa ce kuma ta abinci. Ki duba gindinta, za ki ga lamba a cikin alama mai kusurwa uku, 1 ko 2 ko 5, wani lokaci da hoton kofi da cokali mai yatsu. Manyan masu zuma a irin waɗannan bokitai suke ajiya. Illarta dai ba ta son zafi, mai lamba 1 ma ruwan zafi yana lanƙwasa ta, don haka ba a narkar da zuma a cikinta. In kin sayi jarka, tun tana zuba ki rarraba ta a kwalabe, ki cika su kusa da baki, ki buɗe ɗaya ki bar sauran a rufe. Na biyu, ki lura da awo. Zuma ta fi ruwa nauyi, lita ɗaya tana kai wajen kilo 1.4. Kwalbar da aka rubuta giram 500 ba rabin lita ba ce, ba ta kai ba. Kafin ki kwatanta na wannan da na wancan ki tabbata ma'auni ɗaya kuke magana a kai.

Kuma mai kiwon da ya ɗauki sana'arsa da muhimmanci yakan mallaki ɗan ƙaramin ma'aunin ruwa na hannu, ana ɗiga zuma a gilashinsa a leƙa ta rana, nan take ya nuna kashi nawa ne. Ki tambayi matashin ko yana da shi.

Nas Mai Dare:

Sunanki na gani ya sa na tsaya. In 'yan biyun ba su cika shekara ɗaya ba, kada a ba su zuma ko ta laƙaba a baki, kowace iri ce, ta kanti ko ta amya, dafaffiya ko ɗanya. Tana iya ɗauke da ƙwayoyin wata cuta da ake kira botulizim. Hanjin babba yana fin ƙarfinsu, na jariri bai yi ƙwari ba, sai su tsiro a ciki su saki dafin da yake sanyaya jijiyoyi. Yaro ya kasa bayan gida, ya kasa tsotso, kukansa ya yi rauni, wuyansa ya saki. Ba kullum ake gani ba, amma in ya faru abin na asibiti ne da gaggawa. Tafasawa a gida ba ta kashe su.

In sun haura shekara ba damuwa, ƙaramin cokali kafin barci yana sassauta tarin mura. Shi kuma maigida, in ciwon sukari ne ya sa ya bar sukari, ya gaya wa likitansa cewa da zuma ya musanya, domin ita ma tana ɗaga sukarin jini, babban cokali ɗaya yana da kalori wajen 64. Zumar da muke sa wa ciwo a asibiti kuma daban ce, an kashe ƙwayoyin cutar cikinta da haske na musamman, ba ta kanti ake ɗebowa a shafa wa babban ƙuna ba.

Uwar Biyu:

Na gode Anti Nas, 'yan biyun sun shiga makaranta, amma ƙanwata tana da jaririya, yanzu zan kira ta. Maigida lafiyarsa ƙalau, ra'ayi ne kawai. Malama na gode, na juya robar na ga lamba 1.

Na yi waya da matashin. Ya ce amyoyinsa masu sanduna ne a sama, ba shi da inji, yanka saƙar yake ya farfasa ta a kan ƙyalle ya bar ta ta tsiyaye kwana biyu a rufe, ba ya sa wuta. Ma'aunin ruwan ba shi da shi tukuna, amma ya ce toshasshiya kawai yake yanka. Ya ce in ina so zai bar mini da saƙarta ba a tace ba. Baba, wannan ba ita ce ta fi kowacce tabbas ba? Kuma yaya ake ajiye ta?

Baba Mai Amya:

Amsoshinsa sun yi mini, 'yata. Wannan amyar mai sanduna ita ake kira ta Kenya, kuma yadda ya faɗa haka ake tace zumarta, don saƙar ba ta da katakon da ya zagaye ta balle ta jure juyin inji. Masu injin su ne masu amya irin ta Langstroth, wadda wani Ba'amurke mai wannan suna ya yi wa rajista a 1852, su suna tatse zumar su mayar wa ƙudan saƙarsa. Duk biyun suna ba da zuma mai kyau in hannun mai yi yana da tsabta.

Saƙa tana nuna miki abu biyu da idonki: ta nuna, kuma ba wanda ya zuba mata wani abu bayan an ciro. Amma ba ta rantse miki a kan abin da ƙudan ya ci ba. In mutum ya ajiye musu ruwan sukari lokacin da suke tara zuma, za su kwashe su zuba a rami su toshe da farin kaki tsaf. Ciyar da su a lokacin da babu fure don kada su mutu ko su gudu ba laifi ba ne, ni ma ina yi, amma ana dainawa kafin fure ya buɗe. Wannan tambayar ki sake yi masa baki da baki in kin je.

In ya kawo, ki zaɓi fara ko mai ruwan ɗorawa, wadda ramukanta suke a toshe gaba da baya, ba mai duhu ba. Ki ɗaga ta a rana, haske ya ratsa, kada ki ga tabon ramukan 'ya'ya. Kada ki karɓi da yawa, ta fi tatacciya wuyar ajiya. Akwai wani ɗan malam-buɗe-littafi da yake sa ƙwai a saƙa, tsutsarsa kaki take ci, sai ki buɗe bayan 'yan makonni ki tarar da yana da ramuka. Maganinsa ki sa ta a mazubi mai murfi, ki rufe sosai, ta kwana biyu a firiza, sanyin yana kashe ƙwan. In kin fito da ita kada ki buɗe sai ta huce gaba ɗaya, in ba haka ba raɓa za ta kwanta a kanta. Daga nan kabad ya ishe ta. Ki riƙa yanka da busasshiyar wuƙa daga gefe ɗaya, abin da ya tsiyaye a ƙasan mazubin ki fara shanye shi. Kakin ana taunawa a tofar, in an haɗiye kaɗan ma ba ya komai. Kada dai ki jefa shi a shayi mai zafi, yana narkewa a wajen digiri 63, ya taso sama, in ya huce ya manne a bakin kofi da haƙora.